Ku Tambaya, Mu Amsa: Gasar Talabijin Daga Kujerar Ɗan Kallo Zuwa Bayan Kyamara

Wasiƙun da suka fi yawa a wannan karon sun zo ne daga Zariya, kuma kusan duk a kan shirye-shiryen gasa na talabijin, irin waɗanda ake tara mutane ana korar su ɗaya bayan ɗaya har a bar gwani. Masu aikin shirya shirye-shiryen talabijin ne suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da 'yan mata biyu, ɗaya tana jami'a, ɗaya ba ta gama sakandare ba. Idan lokacin shirin nan na Big Brother ya zo, sai ka rantse asiri aka yi musu. Ranar Lahadi da daddare ko tuwo ba sa tsayawa kwashewa. Na zauna na kalla da kaina, ban ga komai ba sai mutane a kwance suna surutu. Me yake jan su haka? *Wata uwa, Tudun Wada*

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Babu asiri, aiki ne da aka zauna aka tsara. Ke awa ɗaya kika kalla, su kuwa sun yi makonni suna kallo, kuma shirin ba don mai leƙowa aka gina shi ba, don sabo aka gina shi. Mutumin da kike gani kullum yana goge baki, yana dafa taliya, yana kuka a lungu, zuciya takan sa shi a sahun waɗanda kika sani, ko da shi bai san da zamanki a duniya ba. Sai da sabon ya kama jiki ake kawo barazanar rabuwa, wato duk mako za a sallami wani.

Aikin yana farawa tun daga zaɓen mutanen. Ba a neman mutum ashirin mafi hankali ko mafi kyau. Ana neman mutum ashirin da ba za su iya zama ɗaki ɗaya lafiya ba: mai saurin fushi, mai sanyin hali da za a riƙa takawa, mai ban dariya, ɗan gidan masu hali, da wanda ya taso a wahala. Ta haka kowane ɗan kallo zai samu nasa, kuma zai samu wanda ba ya ƙaunar gani. Na biyun nan ma ya fi riƙe mutane, domin mai jiran ganin ranar da za a kori wance ba ya fashin kallo.

Sai tsarin mako. A yawancin shekarun shirin, ranar Litinin ake gasar shugabancin gida a kuma fitar da waɗanda ke cikin haɗarin kora, a buɗe ƙuri'a zuwa daren Alhamis, ranar Asabar a yi casu, ranar Lahadi a yi kora kai tsaye. Babu ranar da aka bari fanko, kowace rana tana miƙa mai kallo ga ta gobe. Kuma da yake an ba shi ƙuri'a, ya daina jin kansa ɗan kallo. Shi ya sa za ki ji 'yarki tana cewa "mun tsallake", alhali tana kan tabarma a Tudun Wada.

Rabin shirin ma ba a akwatin talabijin yake ba, yana cikin waya. Guntun bidiyo na minti ɗaya a TikTok da Facebook, musu a zauren WhatsApp na 'yan aji, gardama a ɗakin kwanan ɗalibai. Wadda ba ta kalla ba, gobe ba ta da bakin magana.

Son gasa dai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wanda ya taɓa zama a gidan dambe ya ga yadda ɗan Kudu da ɗan Guramada ke rabuwa da murya a kan mutumin da ba su haɗa komai da shi ba. Abin da aka shigo da shi daga waje shi ne kulle maza da mata a gida ɗaya da kyamara dare da rana. Wani ɗan ƙasar Holan, John de Mol, ya fara shi a 1999. Na Najeriya ya fara a 2006, kuma ɗan jihar Kadunan nan, Katung Aduwak, shi ya ci na farko. Daga nan aka yi shiru sai 2017.

Game da ƙaramar 'yarki, masu shirin da kansu sun sa masa alamar shekara 18, don haka ba tsaurin ido kika yi ba idan kin hana ta. Dikoda tana da wurin kulle tasha da lambar sirri. A ta DStv lambar da take zuwa da ita 1234 ce, kuma duk yaron gidan ya san ta, saboda haka ki fara canza ta. Sai dai kulle dikoda ba ya kulle waya. Babbar kuwa, hira za ta fi kulle amfani. Ki ba ta amsar tambaya ta gaba ta karanta.

Tambaya: Muna musu da abokaina a makaranta. Ni na ce duk shiri ne, an rubuta wa kowa abin da zai faɗa, kuma tun farko an san wanda zai ci. Su sun ce gaske ne. Wa ya fi gaskiya? *Wani ɗalibi, Samaru*

Amsa: Ɗan'uwa, kai da abokanka kowa ya kama gefe ɗaya. A manyan shirye-shirye ba a miƙa wa ɗan takara takarda a ce ya haddace. Ba a bukatar haka, domin akwai hanyoyin da suka fi sauƙi, kuma suka fi fitowa kamar gaske.

Hanya ta farko ita ce matsi. A karɓe waya da agogo, a hana jin labarin gida, a taƙaita abinci ko a ɗora samunsa a kan cin wani wasa, a tashe su da sassafe bayan sun kwanta a makare. Mutumin da bai ƙoshi ba, bai yi barci ba, kuma ba shi da wurin keɓewa, cokali ma zai yi faɗa a kansa. Faɗan gaske ne, amma wani ne ya shirya masa fili.

Ta biyu ita ce ɗakin ganawa, inda ɗan takara ke zama shi kaɗai yana magana da kyamara. A yawancin shirye-shiryen da ake naɗa kafin a watsa, akwai furodusa a bayan kyamarar yana tambaya, kuma ana umartar ɗan takara ya maimaita tambayar a cikin amsarsa. Idan aka ce masa, "Kana ganin wane munafuki ne?" zai amsa da cikakkiyar jimla. A cire muryar mai tambaya, sai ka ji kamar shi ya tashi da zancen.

Ta uku, wadda ta fi duka ƙarfi, ita ce teburin edita. Yi lissafi da kanka: mako ɗaya awa 168 ne, a kyamara ɗaya kenan, alhali gidan cike yake da kyamarori. Daga nan za a tsamo abin da bai kai awa ɗaya ba a ce ga abin da ya faru a mako. Wanda ya zaɓi wannan awar shi ya rubuta labarin. Zai iya ɗauko harara da wata ta yi ranar Talata saboda hayaƙi ya shiga idonta, ya liƙa ta bayan maganar da wani ya yi ranar Alhamis. Zai iya haɗa rabin jimla da wani rabin da aka faɗa a wani lokaci. Ga yadda za ka gane: idan mutum yana magana sai hoto ya bar fuskarsa ya koma kan wani abu a tsakiyar jimla, ka saurari muryar da kyau. In ta canza kauri, ko amon ɗakin ya canza, an yi ɗinki a wurin. Ka kuma duba riga, da yawan abincin da ke cikin faranti, da hasken taga tsakanin hoto da hoto. Kiɗan da aka sa a ƙasa shi ke gaya maka wanda za ka tausaya wa, don haka gwada kashe sauti ka sake kallon wurin.

Shirin da ake watsawa kai tsaye awa 24 ya fi wuyar yi wa irin wannan ɗinki, amma ko a nan akwai darakta a ɗakin sarrafa hoto da ke zaɓar kyamarar da za ta fita. Ana hira biyar a gidan, ɗaya kake ji.

Batun an san wanda zai ci kuwa, babban kamfani ba ya son taɓa sakamako, don asarar ta fi ribar yawa. A Amurka an kama masu shirin kacici-kacici suna ba 'yan takara amsa a shekarun 1950, har majalisarsu ta mayar da hakan laifi a 1960. A Birtaniya an ci tarar tashar ITV sama da fam miliyan 5 a 2008 saboda maguɗi a gasannin da ake shiga ta waya. Abin da furodusa ke iyawa ba tare da ya karya doka ba shi ne ya yawaita nuna wanda yake so. Wanda aka nuna minti goma ya riga ya tsere wa wanda aka nuna minti ɗaya tun kafin a buɗe ƙuri'a.

Tambaya: Yaran shagona har karo-karo suke yi wai don su jefa wa gwaninsu ƙuri'a. Shin ana ƙirga ta kuwa, ko kuɗin mutane kawai ake ci? *Wani ɗan kasuwa, Sabon Gari*

Amsa: Alhaji, a manyan shirye-shirye ana ƙirgawa. A Big Brother na Najeriya kamfanin binciken kuɗi na Deloitte ne aka saba gani yana kawo ambulan ɗin sakamako. Amma kada a ɗauka irin zaɓen gwamnati ne na mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya. Mutum guda yana da damar jefa ƙuri'a da yawa, kuma wanda ya sayi babban tsarin tashoshi ana ba shi adadin da ya ninka na mai ƙaramin tsari. Shi ya sa da masu shirin suka ce an jefa ƙuri'a sama da miliyan 900 a 2020, babu wanda ya yi mamaki, ko da yake adadin ya ninka yawan mutanen ƙasar sau da yawa. Abin da ake aunawa shi ne naci da aljihun magoya baya.

A da ana jefawa ta saƙon tes ana cire kuɗi a kowane saƙo. Daga baya aka koma shafin intanet da manhajar kamfanin. To a nan ne ya kamata ka tambayi yaranka ina kuɗin karo-karon ke zuwa. Idan wani ne a Facebook ya ce a tura masa kuɗi a asusunsa zai "sayi ƙuri'a" a madadinsu, babu wata hanyar da za su tabbatar ya jefa ko ɗaya.

A ƙananan gasanni abin ya fi muni. Idan kowace ƙuri'a kuɗi ce, babu iyaka, babu mai sa ido daga waje, kuma ba a faɗin adadin da kowa ya samu, to ba gasa ake ba, ana tatsar dangin 'yan takara ne. Wasu kuma da ka tura saƙo ɗaya sai su jona layinka da wani tsari da ke cin kati kullum. Wanda ya ga katinsa na zurarewa ya tura STOP zuwa 2442, lambar da hukumar sadarwa ta NCC ta ware don toshe saƙonnin talla, sannan ya kira kamfanin layinsa a cire shi daga duk tsarin da bai nema ba.

Tambaya: Ina waƙa, kuma mutane suna yaba muryata. Na ga sanarwar wata gasa da za a nuna a talabijin, an ce fom naira dubu goma sha biyar, wanda ya ci zai samu mota da kuɗi. Yayana ya ce damfara ce. Yaya zan gane, kuma idan ta gaske ce yaya zan shirya? *Wani matashi, Tudun Jukun*

Amsa: Ƙanenmu, kada ka biya tukuna. Manyan gasannin da aka sani a ƙasar nan, irin su Big Brother da Nigerian Idol, ba sa karɓar kuɗin tantancewa, don kuɗinsu daga masu talla da masu ɗaukar nauyi yake fitowa. Ƙaramar gasa tana iya karɓar ɗan abin rajista ba tare da ta zama damfara ba, amma sai ta amsa tambayoyi huɗu. Wane kamfani ne, kuma yana da rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni? Ana iya duba sunan a shafin hukumar kyauta. Wace tasha ce za ta nuna, ranar me, ƙarfe nawa? Ka je tashar da ƙafarka ko ka kira sashen tallanta ka tambaya, don sa tambarin tasha a jikin fosta ba ya bukatar izinin kowa a wurin ɗan damfara. Wa ya ci ta bara, kuma ya karɓi kyautarsa? Sannan asusun da za a tura kuɗin, na kamfani ne ko na wani mutum? Idan sunan mutum ne, ka riƙe kuɗinka. Haka idan bayan fom aka sake cewa kuɗin katin shaida, kuɗin riga, kuɗin masauki. Gasar da ke rayuwa da kuɗin 'yan takara ba ta da dalilin kaiwa ƙarshe.

Idan ta tabbata ta gaske ce, ga shiri. Ka tanadi waƙa biyu masu bambancin tafiya, ɗaya mai sanyi ɗaya mai zafi, kowace ka iya rera minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba kiɗa. Alƙalan da suka saurari mutum ɗari kafin kai sukan yanke hukunci a daƙiƙa ashirin na farko, don haka kada ka ɓata su a doguwar shimfiɗa da gaishe-gaishe, ka shiga ta inda muryarka ta fi fita. Babbar matsalar mawaƙanmu a nan ita ce sabo da sitidiyo, inda kwamfuta ke miƙe murya idan ta karkace. A ɗakin tantancewa babu wannan. Ka naɗi kanka da waya ba fiyano ba gyara, ka saurara. Idan ka fara a sama har amshi ya gagare ka, ka sauko da mafarin. Kada ka sha ruwan sanyi ko ka kwana kana ihu a gidan kallon ƙwallo ana gobe tantancewa, kuma a lokacin hunturu ka riƙe ruwan ɗumi, don ƙurar Zariya ba ta raga wa maƙogwaro.

Idan bidiyo aka ce a turo, ka fuskanci taga, kada ka ba ta baya, in ba haka ba fuskarka za ta fito baƙi ƙirin. Ka jingine wayar daidai ido, tazarar kamu uku zuwa huɗu, ka kashe fanka. Ka kiyaye tsawon da aka ce. Bidiyon da ya zarce lokaci sau da yawa ba a ma buɗe shi.

Za a tambaye ka labarinka, kuma za a so mai taɓa zuciya. Ka yanke tun daga gida abin da za ka faɗa da wanda ba za ka faɗa ba. Rashin lafiyar mahaifiya ko rabuwar iyaye, da zarar ka faɗa a gaban kyamara ya zama kayansu, za a maimaita shi da kiɗan tausayi duk mako, kuma mutanen unguwarku suna kallo.

Sai takardar yarjejeniya, inda aka fi cutar yara. Kada ka sa hannu a wurin, ka nemi a ba ka ka kai wa lauya ko wani babba mai ilimi. Ka duba shekara nawa aka ɗaure ka ba za ka yi aiki da wani ba, kashi nawa za su riƙa cira daga abin da ka samu bayan gasar, da kuma wanda zai mallaki waƙar da ka rubuta da kanka idan ka rera ta a shirin. Waƙarka ta ƙashin kanka kada ka sallama ta don fitowa ta minti uku. Idan ba ka kai shekara 18 ba, mahaifi ko waliyyi ne zai sa hannu.

Ka kuma karanta yadda aka rubuta kyautar. "Kyautar da ta kai darajar kaza" daban take da "kuɗi kaza". A Big Brother na 2020 an sanar da naira miliyan 85, amma tsabar kuɗin miliyan 30 ne, sauran gida ne da mota da tafiye-tafiye da kayayyakin kamfanonin da suka ɗauki nauyi. Wannan ma kamfani ne da ya bayyana komai a fili. Ƙaramin mai shiri yana iya cewa mota, ranar biki a miƙa maka makulli a gaban kyamara, takardun motar kuwa ka yi ta sintiri.

Tambaya: Ni malamin Islamiyya ne. Muna yawan kukan abin da yaranmu ke kalla, amma ba mu ba su madadi ba. Mu ƙungiyar malamai muna son shirya gasar karatu da ta waƙen Hausa mai ma'ana a nuna a talabijin ko YouTube. Zai yiwu da ɗan abin da muke da shi? *Wani malami, Ƙofar Gayan*

Amsa: Allah ya gafarta Malam, zai yiwu, kuma wasu sun riga sun gwada. A Abu Dabi akwai gasar Sha'irul Milyan, ta waƙar baka ta Larabawan ƙauye, da alƙalai da ƙuri'ar jama'a, kuma ta tara 'yan kallo a duk yankin. A Malesiya an yi Imam Muda a 2010, inda matasa goma suka yi takarar limanci, ana gwada su a huɗuba da karatu har da wankan gawa. Mu kuma muna da musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ke shiryawa tun 1986. Masu karatu da masu waƙe ba su ne suka yi mana ƙaranci ba.

Inda ake faɗuwa shi ne a ɗauka kafa kyamara a gaban taro shi ne shirin talabijin. Awa huɗu na jawabin manyan baƙi da mai karatu bayan mai karatu, babu wanda zai kalla sai dangi. Ku ari abin da ke riƙe mutane a waɗancan shirye-shiryen ku bar abin da bai dace ba: 'yan takara kaɗan da za a saba da su, kora a hankali, da alƙalan da ke bayani. Mutum goma sha biyu a mako takwas ya isa. Makon farko gabatarwa ne ba kora. Mako na biyu zuwa na huɗu a sallami biyu-biyu, saura shida. Na biyar zuwa na bakwai ɗaya-ɗaya, a shiga ƙarshe da uku. Kafin kowa ya hau, a nuna minti ɗaya na inda ya fito: makarantarsa, allonsa, malaminsa, sana'ar da yake yi da rana. Alƙali kuma kada ya tsaya ga buga ƙararrawa. Ya faɗi inda aka ja madda fiye da kima ko inda amsa-amon baiti ya karye, ya karanta daidai. Mai kallo yana son ya tashi ya ƙaru, kuma yana son ya gwada hukuncinsa da na malam.

Maki a rubuta shi a raba wa kowa kafin a fara, alƙalai su zama uku ko biyar don kada a yi canjaras, kuma kada malamin wani ɗan takara ya zauna a teburin. Idan za ku sa ƙuri'ar jama'a, kada ta wuce kashi 30 cikin ɗari, kuma a gasar karatun Alƙur'ani shawararmu kada a sa ta ko kaɗan. In ba haka ba yaron babbar makaranta mai ɗalibai dubu zai kayar da wanda ya fi shi hadda, rigimar kuma ta koma tsakanin malamai. A waƙe ana iya sa ta.

Kayan aiki: kyamara uku, ko wayoyi uku masu kyau a kan sanda. Ɗaya a kafe tana ɗaukar dandali duka, ɗaya a kan ɗan takara, ɗaya a kan alƙalai da jama'a. Ku saita dukkansu a hoto 25 a daƙiƙa. Yawancin wayoyi a 30 suke zuwa, wutar lantarkin ƙasar nan kuwa bugu 50 take yi a daƙiƙa, sai ku ga hoton yana rawa ko layuka na bin sa a ƙarƙashin fitila. Ku kulle launi da haske a kowace kyamara, don kada farar riga ta fito fara a ɗaya, ruwan ɗorawa a ɗaya. A farkon kowace ɗauka wani ya tsaya inda duk kyamarori ke ganinsa ya tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi, da wannan edita zai daidaita hoto da sauti.

Sauti ya fi hoto muhimmanci a irin shirinku, kuma a nan ya kamata kuɗin ya tafi. Kada ku dogara da abin da kyamara ta ji daga lasifikar ɗaki, amsa-kuwwa za ta cinye haruffa. A ja waya daga na'urar haɗa sauti zuwa rakoda ta daban, wani ya zauna da abin ji a kunne tun daga farko har ƙarshe. Makirufo ya kasance tazarar taƙi ɗaya daga baki, a ɗan karkace, don kada harafin ba da fa su riƙa bugunsa. Ga mata ku yi amfani da na kan sanda, domin ƙaramin da ake maƙalawa a ƙirji yana kwasar motsin hijabi. Janareta a kai shi bayan katanga, nesa da taga gwargwadon yadda waya za ta kai, kuma kada a haɗa kayan sauti layi ɗaya da fanka ko firji, daga nan gurnanin da ke lalata naɗi yake zuwa. Ku guji ɗakin da rufinsa kwano ne ba silin idan damina ce, ruwan Agusta zai tsayar da aikin. Ku fara da ƙarfe tara, ku tsaya kafin kiran azahar, domin a cikin birni babu ɗakin da lasifikar masallaci ba ta shiga.

Wurin ajiya ma yakan ba mutane mamaki. Kyamarar da ke naɗa a megabit 50 a daƙiƙa tana cin gigabait 22 da rabi a awa. Uku a awa shida sun haura gigabait 400. Ku kwafe a faifai biyu a daren ranar, a ajiye su gida daban-daban, kuma kada a goge kati sai an buɗe kwafin an gani.

Ku naɗi shiri biyu a rana ɗaya don rage kuɗin haya, a canza tufafi tsakani. Amma hakan yana nufin 'yan cikin ɗaki sun san wanda aka kora mako guda kafin a nuna, don haka a roƙe su, a kuma karɓi wayoyi a ƙofa. Ma'aikata ba sai kun je Kano ko Legas ba. Sashen koyon aikin jarida da na wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello suna da ɗaliban da ke neman inda za su gwada hannu, sai dai a samu ƙwararre ɗaya a kan sauti, ɗaya a kan haɗa hoto.

Kuɗin kyauta ya shiga asusu kafin a buga fosta, ba alƙawarin wani mai hali ba. Kowane yaro da bai kai 18 ba a samu sa hannun mahaifinsa a kan amincewa a nuna shi. Yaron da ya kakare ya fashe da kuka, a yanke wurin, kada a sa shi a tallan shiri komai yawan kallon da zai jawo, kuma a tanadi malami ɗaya da aikinsa kawai ya tari wanda aka sallama a bayan dandali kafin ya fita wurin jama'a. Idan tashar talabijin za ku kai, ku tambaye su tsawon mintunan da suke karɓa da wuraren da za a bar wa talla tun kafin edita ya fara yanka.